Walimar sauka da rabon shinkafa a filin firamare: izinin wa za mu nema, kuma akwai inshorar taron yini ɗaya?

Sakataren Kwamiti

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shirya taro. Kwamitin Islamiyyar unguwarmu a cikin birnin Kano zai yi walimar saukar ɗalibai 62 a farkon watan Mayu. Harabar makarantar ta yi mana kaɗan, shi ya sa muka roƙi aron filin firamaren gwamnati da ke kusa da mu. Mun auna filin, tsawonsa mita 60, faɗinsa 40. An zagaye shi da katanga. Babbar ƙofa tana kallon titi, faɗinta mita 3, sai wata ƙarama ta baya mai mita 1.2 wadda kullum a kulle take.

Muna sa ran mutum 1,500, galibi mata da yara. Za a yi zagaye da safe daga makaranta zuwa filin, tafiyar kamar kilomita ɗaya, kuma dole sai an tsallaka babban titi. Mun yi hayar rumfa takwas da kujeru 800 da janareto da lasifika, kuma a wurin za a yi girki. Wani bawan Allah ya ba da ƙananan buhunan shinkafa 400 a raba wa mabuƙata, kwamiti na ganin a raba a ƙarshen taro tunda jama'a na nan.

Hedimasta ya ce ba zai ba da makulli ba sai ya ga takarda daga sama, da kuma rubutaccen bayanin wanda zai ɗauki alhaki idan wani abu ya faru. To su wa za mu rubuta wa? Izinin 'yan sanda dole ne? Kuma da gaske ana yi wa taron yini ɗaya inshora a ƙasar nan?

Tsohon Ɗan Agaji

Wa'alaikumus salam. Malam Sakatare, kafin a zo kan takardu, ku cire rabon shinkafar nan daga cikin taron. Duk sauran abin da ka lissafa ana iya shawo kansa, amma buhu 400 a gaban mutum 1,500, a fili mai ƙofa ɗaya, shi ne ainihin yadda ake rasa rai. Kuma da zarar labari ya fita cewa akwai rabo, lissafinku na 1,500 ya rushe, domin unguwannin maƙwabta za su zo.

Ku tuna watan Disambar 2024. A Ibadan an sanar a rediyo cewa za a yi wa yara 5,000 kyauta a filin wata makaranta, iyaye suka yi sammako, yara 35 suka mutu ranar 18 ga wata. Bayan kwana uku aka rasa mutum 10 a wata coci a Maitama ta Abuja, da 22 a Okija ta jihar Anambra, duk a wurin rabon abinci. Masu shirya waɗannan tarukan alheri suka nufa. Abin da ya haɗa su shi ne kayan ba su kai yawan mutanen ba, kowa ya san ba su kai ba, sannan aka tara jama'a a bayan rufaffiyar ƙofa.

Mutane na ɗauka tattakewa ce ke kisa a turmutsitsi. Mafi yawa matsewa ce. Idan mutum shida ko bakwai suka cushe a murabba'in mita ɗaya, ba wanda ke iya tsayawa da ƙafarsa, taron yana kaɗawa ne gaba ɗaya kamar ruwa a kwarya. Ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya ɗauke, mutum ya suma yana tsaye. Na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, su dai suna ganin an ɗan motsa sai su ƙara turawa. Yaro ya fi saurin shaƙewa saboda fuskarsa a tsakanin cikkunan manya take. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne goyo, domin yana tsakanin bayan uwarsa da ƙirjin wadda ke bayanta, uwar kuma ba ta ganinsa.

Shinkafar ku raba ta wata rana daban. Ku zauna da mai unguwa da limami a fitar da sunaye 400, a buga kati mai lamba, a bi gida gida a kai. A rubuta wa kowane kati lokacinsa, mutum 50 a kowace awa, awa huɗu a yini, kwana biyu kun gama. Kada a sanar a lasifikar masallaci, kada a sa a Facebook ko WhatsApp. Inda ake karɓar kati daban, inda ake miƙa buhu daban, kuma wanda ya karɓa ya fita ta wata hanya, kada ya ratso ta cikin masu jira da buhu a kai. Tsofaffi da masu lalura a kai musu har gida.

Yanzu filin. Mita 60 sau 40 ya ba da murabba'in mita 2,400. Cire wurin manyan baƙi, wurin girki, janareto, hanyoyin wucewa da gefen katanga, a ce 800, saura 1,600. Mai zama a kujera, idan an haɗa da hanyar da zai bi, yana cin kusan murabba'in mita ɗaya. Masu tsayuwa kada su wuce biyu a murabba'in mita. Ke nan filin zai ɗauke ku. Matsalarku ƙofa ce.

Lissafin da ake amfani da shi a filayen wasa na Ingila shi ne mutum 82 ke wuce ƙofa mai faɗin mita ɗaya a minti ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma ana so wuri ya fashe cikin minti takwas. Wannan na magoya bayan ƙwallo ne, majiya ƙarfi. Ga mata masu goyo da yara da tsofaffi ni 60 nake ɗauka. Babbar ƙofarku za ta fitar da 180 a minti, wato 1,500 a minti takwas da 'yan daƙiƙu. Amma ƙa'idar ita ce ka ɗauka babbar ƙofar ce ta toshe, ko gobara ta tashi kusa da ita, ko mota ta tsaya a bakinta. Saura ƙaramar: 72 a minti, kusan minti 21 kafin kowa ya fita. Wannan ya yi yawa ƙwarai. Ko dai ku nemi izinin buɗe wata kafa mai faɗin mita 3 a katanga ta ɓangaren da ba ya kallon titi, ku gina ta bayan taro da kuɗinku, ko ku rage yawan mutane da katin gayyata, ko ku nemi filin da ba katanga. Kowace ƙofa a buɗe take tun kafin mutum na farko ya iso har na ƙarshe ya fita. A cire kwaɗon gaba ɗaya, a ɗaure ƙyauren a jikin katanga, kada a ce makulli na hannun maigadi, domin a lokacin da ake nemansa ba za a gan shi ba. Masu babur da 'yan talla su ne ke toshe bakin ƙofa, a ware musu wuri aƙalla mita 20 daga nan.

'Yan agaji ku nemi 30, rabi mata, don namiji ba zai kutsa cikin mata ya ɗago wadda ta faɗi ba sai an ɓata lokaci. Huɗu a kowace ƙofa. Mutum ɗaya ya hau wuri mai tudu, aikinsa kallon taro kawai, kuma a ba shi ikon tsayar da mai jawabi ko wane ne shi. Kada a ba 'yan agaji bulala ko sanda. Dukan na gaba yana sa su ja da baya su haɗu da masu turowa, a nan ake faɗuwa.

Zagayen kuma haɗarinsa mota ce. A Gombe, lokacin Ista na 2019, mota ta kutsa cikin jerin yaran coci aka rasa rayuka. Ku sa mota ɗaya a gaba, babbar mota a baya ta zama garkuwa, igiya a gefe biyu manya na riƙe da ita. A babban titi kada jerin ya tsallaka a zare ɗaya. A tsayar da motoci ta hannu biyu, yara 30 zuwa 40 su wuce, a saki hanya, a sake tsayarwa. Direban da aka tsayar minti goma shi ne ke ƙosawa ya hau gefen titi.

Duk wannan ku rubuta shi a takarda ɗaya, ita ce tantance haɗari da za a tambaye ku. Ku ja layuka: abin da zai iya faruwa, wa zai shafa, yiwuwarsa daga 1 zuwa 5, muninsa daga 1 zuwa 5, sai a ninka. Rabo a cikin taro 4 sau 5, ya ba da 20. Idan an ɗage shi zuwa wata rana da kati ya koma 1 sau 5. Duk abin da ya kai 15 ba a shiga taro da shi sai an sauko da shi. Layin ƙarshe shi ne sunan mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin. Kada a rubuta "kwamiti", domin aikin kwamiti ba na kowa ba ne.

Barista

Malam Sakatare, hedimasta yana da gaskiya, kada ku ji haushinsa. A abin da ya faru a Ibadan, har da shugaban makarantar da ya ba da fili aka kama aka gurfanar tare da masu taron, suka yi makonni a tsare, ko da yake daga baya gwamnatin jihar ta janye ƙarar. Tun daga nan shugabannin makarantu suka shiga taitayinsu.

Filin ba na hedimasta ba ne. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, saboda haka Sakataren Ilimi za ku rubuta wa, takardar ta bi ta hannun hedimasta. Idan za ku fasa katanga kamar yadda Baba ya ba da shawara, a ambace shi ƙarara a cikin takardar amincewa, da wanda zai gyara da ranar da za a gama. Ba tare da haka ba, ɓarnata dukiyar gwamnati ce.

Game da 'yan sanda, mutane na cakuɗa izini da sanarwa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. Tsohuwar dokar tsaron jama'a ta 1979 ta ce sai da lasisi, amma bayan da 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a watan Satumbar 2003 aka je kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa tilasta neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 83, ta ce idan aka sanar da su za a yi taro ko jerin gwano a kan hanya ko inda jama'a ke shiga, wajibi ne jami'in yankin ya ba da tsaro. To ba roƙon izini za ku yi ba, sanarwa za ku kai. Amma kada wannan ya sa ku ƙi kaiwa. Bayan mace-macen Disambar 2024 Sufeto Janar na 'yan sanda ya gargaɗi masu rabon kaya da su riƙa sa jami'an tsaro a ciki, ya kuma ce sakaci a irin wannan laifi ne da za a hukunta. Idan abu ya faru, tambayar farko ita ce kun sanar ko ba ku sanar ba.

Ku kai wa DPO takarda mako biyu kafin ranar, kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya ku riƙe. A ciki ku sa rana, lokacin farawa da tashi, yawan mutane, titunan da zagaye zai bi da sunayensu, sunaye da lambobin wayar mutum uku daga kwamiti, sannan ku maƙala takardar tantance haɗari. Irin wannan takarda ku kai wa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, da hukumar kiyaye haɗura saboda tsallaka titi, da 'yan kwana-kwana saboda girki da janareto, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma don duba-gari su ga wurin girki da banɗaki. Hisba ma a sanar da su, za su taimaka wajen raba wurin maza da mata. Mai unguwa kuwa ta kansa ake farawa. Ba wata doka da ta ce sai da sa hannunsa, amma DPO zai tambaya ko ya sani, kuma shi ne zai tare ƙorafin maƙwabta kan ƙarar lasifika da toshe lungu.

Ku sake leƙawa ofishin 'yan sanda mako guda kafin ranar. A Kano an taɓa wayar gari da sanarwar hana taro, kamar yadda aka hana hawan Sallah a 2024 da 2025 saboda dalilan tsaro. Idan irin haka ta faɗo a kanku, zagayen ne zai fara shafa.

Sai maganar alhaki. Hatimin DPO ba ya wanke kowa. Wanda ya gayyaci jama'a shi ke da nauyin kula da lafiyarsu gwargwadon abin da mai hankali zai hango. Idan aka samu rauni ko rasa rai saboda sakaci, akwai tuhumar laifi, akwai kuma ƙarar neman diyya, kuma hanyoyi biyu ne daban. Abin da ya kamata ka bincika yau shi ne ko Islamiyyar tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu. Idan tana da ita, makarantar ce za a yi ƙara da sunanta. Idan babu, ku da kuka sa hannu a takardu ne za a nema, kai da shugaba da ma'aji, kowa da sunansa.

Takardar da hedimasta ke so kada ku rubuta ta da cewa kun ɗauki alhakin "duk abin da ya faru". Ku taƙaita ta ga abin da ya taso daga taronku, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Kwana biyu kafin taro ku zagaya filin tare da shi, ku ɗauki hoton katangar da ta tsage, murfin masai da ya rufta, tsohuwar rijiya, ajin da rufinsa ya yaye, ku sa hannu ku biyu. Abin da yake a lalace tun kafin ku zo ku killace shi, amma kada ya koma wuyanku. Ɗaliban da za su shiga zagaye kuma a samu amincewar iyayensu a rubuce, ko da layi biyu ne.

Sakataren Kwamiti

Allah ya saka da alheri, Baba da Barista. Na duba, muna da rajistar CAC tun tuni. Rabon ma zan kai wa kwamiti a ɗage shi. Saura inshora. Wasu dattawanmu na cewa caca ce, ba za su yarda kuɗin makaranta ya shiga ciki ba. Wasu kuma na cewa ko an biya, kamfani ba zai biya komai ba idan abu ya faru.

Hajiya Mai Takaful

Malam, ana yi wa taron yini ɗaya, kuma akwai hanyar da dattawa za su natsu da ita. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da lasisinta suke aiki. A takaful kuɗin da kuka biya gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfanin wakili ne da ke karɓar ladan kula da asusun, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, kuma idan an samu rara a ƙarshen shekara ana raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kowane kamfani yana da kwamitin malamai masu sa ido. Ku nemi takardar bayaninsu ku kai wa dattawan su karanta da kansu.

Abin da za ku nema shi ne kariyar alhakin jama'a, wato wadda ke biyan diyya idan wani da ba ɗan kwamiti ba ya ji rauni ko ya mutu ko dukiyarsa ta lalace, kuma doka ta ɗora laifin a kanku. Tana biyan kuɗin lauya ma. Ku lura da wannan sharaɗin na ƙarshe, sai doka ta ɗora muku. Ba ta biyan duk wanda ya yi tuntuɓe.

Kada ku dogara da cewa makarantar tana da tata. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2025 ba ta janye wannan ba. Amma ko an yi, tana kare mai ginin ne idan gini ya rufta ko ya kama da wuta. Rumfarku da ta faɗo wa mutum ba ta ciki.

Masu cewa kamfani ba ya biya suna da abin da suka gani, sai dai yawanci dalilin yana cikin takardar da ba a karanta ba. Na farko, ba a biya kuɗin ba kafin ranar. Dokar ƙasar nan a fili take: babu biya, babu kariya. Alƙawarin dillali a waya cewa "an gama" ba komai ba ne, sai rasit da takardar shaida mai lamba a hannunku. Na biyu, an ɓoye wani abu a fom. Idan kuka rubuta walimar mutum 800 a zaune, alhali 1,500 ne da zagaye a titi da girki da gas, kamfani na da hurumin soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Rabon kaya ma haka, idan kun mai da shi wata rana, a rubuta ranar da wurin a ciki, in ba haka ba ba ya ƙarƙashin kariya. Na uku, kwanakin. Masu kafa rumfa tun jajibiri suke zuwa, su kwashe washegari, saboda haka kwana uku za ku nema, ba yini ɗaya ba.

Sai abubuwan da aka saba cirewa. Tarzoma da ta'addanci ba sa ciki. Guba a abinci ba ta shiga sai an nemi ƙari, ku kuma za ku ciyar da mutum 1,500, to ku nema. Duk abin da mota ta yi yana kan inshorar motar, don haka motocin da za su raka zagaye a duba takardunsu a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, domin na bogi sun yi yawa. Ta gaske mafi ƙaranci ga ƙaramar mota mai zaman kanta an mai da ita naira 15,000 a Janairun 2023. Kayan haya da ke hannunku, kujeru da janareto da lasifika, ba a ɗaukar su dukiyar wani, suna buƙatar tasu kariyar ko yarjejeniya da mai kayan. 'Yan agaji da masu girki kuma kamfani na iya cewa ma'aikatanku ne, ba baƙi ba, to a yi musu kariyar haɗari ta rukuni, a miƙa jerin sunayensu. Doki, idan wani ya ce zai kawo don ƙawata zagaye, ku hana, ko ku faɗa wa kamfani tun da wuri. Kuma abin da Barista ta faɗa kan takardar hedimasta yana da nasaba da nan: alhakin da kuka ɗauko wa kanku da sa hannu, wanda doka ba ta ɗora muku ba, kamfani ba ya biyansa.

Lambobi uku za ku duba a takardar: iyakar abin da za a biya kan aukuwa ɗaya, iyakar jimilla, da kason farko da ku za ku biya daga aljihunku kafin kamfani ya ɗora. Turmutsitsi aukuwa ɗaya ce ko mutum nawa ya shafa, saboda haka lamba ta farko ita ce mai muhimmanci. Farashi yana bin yawan mutane, iyakar da kuka zaɓa da kuma tsarinku. Takardar da Baba ya koya muku ita ce mai tantancewa na kamfanin inshora zai karanta, kuma ƙofa ta uku da cire rabo za su sauko da kuɗin. Ku bi ta hannun dillali mai rajista, ku karɓi farashi daga wuri uku, ku fara mako huɗu kafin taro. Sunan da ke takardar CAC shi za a rubuta, harafi da harafi, a kuma ƙara hukumar ilimi a matsayin wadda kariyar ta shafa. Wannan kaɗai zai kwantar wa hedimasta da hankali.

Idan abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kai mutum asibiti tukuna. Ku je dubiya, ku jajanta, ku taimaka, amma kada wani ya rubuta ko ya yi alƙawarin diyya a gaban mai unguwa kafin kamfani ya sani. A sanar da su a ranar, a rubuce, a ajiye hotuna, sunayen shaidu, rahoton 'yan sanda da rasit na asibiti.

Nas

Ƙari kan abin da ba a taɓo ba. Farkon Mayu a Kano zafi na haura digiri 40, kuma ɗaliban za su sha tafiya cikin manyan kaya. A fara zagaye ƙarfe bakwai, a tashi taro kafin sha biyu. Ruwa a lissafa aƙalla leda uku ga kowane mutum, wato 4,500, jaka 225 ke nan mai ɗauke da 20. A ajiye shi wuri huɗu ko biyar, kada a jefa shi cikin taro, don wawaso ma turmutsitsi ne. A ware aji ɗaya mai iska kusa da ƙofar da mota za ta iya isa, da tabarma, ruwan gishiri da sukari, bandeji da ma'aikatan lafiya biyu. Wanda zafi ya buge, jikinsa ya yi rau kuma ya fara sambatu, a jiƙa shi da ruwa ana fifita a wuce asibiti, kada a tsaya ɗura masa abin sha. Mota ɗaya ta tsaya a waje, gabanta na kallon hanya, direban a ciki. Shinkafa da miya kada su wuce awa ɗaya a ajiye a wannan zafin kafin a ci. Yaran da suka ɓace kuma a sa musu wuri ɗaya da malama biyu, a sanar da shi tun farkon taro.

Mai Gyaran Wuta

Baba, ina da ja kaɗan kan fasa katanga. Kafin a zaɓi wurin a ɗaga kai a duba sama. Firamare da yawa babbar wayar lantarki mai 11kV ko 33kV ta bi ta gefen katangarsu, kuma ƙafar rumfa ƙarfe ce. Irin wannan wuta tana tsallakowa ko ba a taɓa wayar ba. Rumfa, jama'a da sabuwar ƙofa duk su kauce wa ƙarƙashinta, kuma masu kafa rumfa su ɗauki ƙarafa a kwance. A Kalaba a 2017 irin wannan waya ce ta faɗo kan gidan kallon ƙwallo ta kashe mutane.

Janareto a sa shi a sarari, aƙalla mita shida daga rumfa da tagogin aji, a killace shi don yara. Kada a sa shi cikin aji don rage ƙara, hayaƙinsa ba ya wari kuma yana kisa. A kafa masa sandar ƙarfe a ƙasa, a sa abin katse wuta mai 30mA kafin layin lasifika, don makirufo da ke jan mutum alamar ba a yi haka ba ce. Ba a ƙara mai yana aiki ko yana da zafi, jarka kuma nesa da shi da wurin girki. Waya kada ta bi ƙasa inda ake takawa, a ɗaga ta sama da mita uku, kuma kada a naɗe haɗin waya da leda. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo tara, ɗaya a janareto, ɗaya a wurin girki, a duba allurarta tana kan kore.

Rumfa kuma hadarin farkon damina da iska yake fara zuwa, daga gabas, cikin 'yan mintuna. Kowace ƙafa a kafe ta da turke ko a ɗaura mata buhun yashi biyu, dutse ɗaya da masu haya ke ɗorawa ba ya riƙe komai. Idan gabas ta haɗe, a kashe janareto, a fitar da mutane daga ƙarƙashin rumfa zuwa azuzuwa, sannan a kwance tamfol. Ku roƙi hedimasta ya bar azuzuwa huɗu a buɗe saboda haka, a sa shi cikin takardar Sakataren Ilimi.

Tsohon Ɗan Agaji

Gaskiyarka, a duba waya tukuna. Idan ta bi ta bayan makarantar, a buɗe ta gefe, ko a faɗaɗa ƙaramar ƙofar zuwa mita 3 idan lungun da take fita yana da faɗin da zai karɓi mutanen. Malam Sakatare, ka je ka auna lungun ma. Ƙofa mai mita 3 da ke zubawa cikin lungu mai mita ɗaya da rabi, lissafinta na mita ɗaya da rabi ne.